Mijina bai mutu ba, bai kuma sake ni ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni mai shayi ce, uwar yara huɗu, yanzu ina zaune a Gadarif a gabashin Sudan. Babbar 'yata ce ke riƙe da waya tana rubuta abin da nake faɗa. Ni karatuna na allo ne da 'yan azuzuwan firamare da aka yi mana da Larabci, ita kuwa ta koyi rubuta Hausa wajen hira da ƙawayenta na Kano da Damagaram a Facebook.

A Maiwurno aka haife ni, bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Garin jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ne, waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a ƙarƙashin ɗansa Mai Wurno. Kakan babana ya biyo sawunsu a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya yanke masa a nan, ya tsaya noma. Babana kuwa a gonakin audugar Jazira ƙarfinsa ya ƙare. Mu dai ba mu san wata ƙasa ba sai wannan, ko da yake har gobe akwai mai dubanka ya tambaye ka yaushe za ku koma gida.

An yi mini aure a 2004. Mijina ya kawo ni Khartum, muka kama ɗaki a Mayo, can kudancin birni inda talaka ke iya biyan haya. Sana'arsa agashe, tsiren nan namu na ƙuli da yaji da duk Sudan ta san na Hausawa ne. Da la'asar zai fita da tire da gawayi, ba ya dawowa sai dare ya raba, rigarsa duk ƙaurin hayaƙi. Ba mu tara komai ba, amma asirinmu a rufe yake, maƙwabta ba su taɓa jin kanmu ba.

Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da mafi yawan man fetur, sai kuɗi ya fara lalacewa a hannun mutane. Nama ya yi tsada, mai sayen tsinke biyar ya koma sayen ɗaya. A daidai lokacin kuma zancen zinare ya cika gari. Wane ya shiga sahara da na'urar nan mai ƙara ya dawo ya sayi raksha, keken haya mai ƙafa uku, wane ya gina ɗaki biyu ya ƙara aure. Ba a cika ba da labarin waɗanda rami ya rufta da su ba, ko waɗanda mota ta lalace musu ƙishirwa ta gama da su. A 2013 ya sayar da kayan sana'arsa ya bi wasu abokai zuwa wajen Abu Hamad, ina ɗauke da cikin autana. Ya ce kafin in sauka ya dawo da ragon suna.

Da farko yakan kira in ya shigo kasuwa inda waya ke kamawa. Yakan turo ɗan abin da ya samu ta katin waya, in kai wa mai shago ya cire ladarsa ya ba ni sauran. Daga baya kiran ya ja baya, a cikin 2014 kuma layin ya mutu ɗungurungum. Wani ya ce ya gan shi a kasuwar Abidiyya. Wani ya ce ayarinsu ya wuce Jado a Nijar, inda aka gano zinare a shekarar. Wani ya ce Libiya. Wani kuma ya sunkuyar da kai ya ce rami ya rufta da wasu Hausawa, amma bai san sunayensu ba. Har wannan rana ba wanda ya zo mini da maganar da zan riƙe.

A nan na gane ashe ko a cikin marasa galihu layi-layi ne, kuma kowane layi da takardarsa. Wadda mijinta ya rasu tana da takardar mutuwa, 'ya'yanta marayu ne. Allah kuwa ya sa wa mutanen ƙasar nan tausayin maraya, akwai ƙungiyoyi da masu hali da ke ɗaukar nauyinsu wata-wata. Wadda aka saka tana da takardar saki, tana iya kai uban yara kotu a yanka masa kuɗin ciyarwa, ko ya bayar ko ya yi ta zille-zille. Ni ba ni da ko ɗaya. A rubuce ni matar aure ce, ina da mai ciyar da ni.

Wata maƙwabciyata ta raka ni wata ƙungiya mai kula da marayu. Na goya jariri, na ja biyu, muka zauna a benci tun hantsi. Matar da ke rubutu ba ta wulaƙanta ni ba, tsakani da Allah, har ruwan sanyi ta sa aka kawo wa yaran. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta juyo da takardar wajena tana nuna mini da bakin biro: nan ranar rasuwar uba, nan lambar takardar shaida. Ta ce, "'Yar'uwa, masu ba da kuɗin nan daga waje suke, kuma maraya suka ce. In na bar gurbin nan ba komai, takardar dawowa za ta yi." Da zan fita ta danƙa mini kuɗin mota daga jakarta. Na karɓa, don ba ni da na komawa.

Na je wurin malamin unguwarmu na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ni yanzu mene ne matsayina?" Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai maganarta gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Ya ce kuma dokar iyali ta ƙasa, ta 1991, ta ba mace damar neman a raba aure in miji ya yi shekara ko fiye ba ya nan tana cutuwa. Na dawo gida ina juya maganar. In aka raba auren na zama sakakkiya, amma yarana ba su zama marayu ba, kuma babu uban da za a kamo a yanka wa ciyarwa. In na bi ɗaya hanyar, ni ce da bakina zan nemi a rubuta cewa ya mutu.

Da na je Maiwurno da babbar salla, na ɗan taɓa wa surukata zancen a hankali, muna tsintar wake a tsakar gida. Ta ajiye faifan ta dube ni, ta ce, "Yanzu ke ce za ki kashe mini ɗa da takarda saboda buhun dawa?" Na ce, "Inna, ba haka nake nufi ba." Ta ce, "To ki bar shi, wanda ya kai shi zai dawo da shi." Ban sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, uwa ce. Sai dai ita ɗa ɗaya take jira, ni kuwa baki huɗu ke jirana a ɗaki.

Na sayar da 'yan kunnena na aure da gadona, na haɗa kayan shayi: murhun gawayi, butoci biyu, kofunan gilashi, kwalabe na sukari da citta da kirfa da hulba, da 'yan kujerun tsugunno. Na samu gindin wata darbejiya kusa da babbar kasuwar kayan gwari ta kudancin Khartum, inda motoci ke sauke tumatir da albasa tun kafin kiran salla. Ƙarfe uku na dare nake tashi in kwaɓa zalabiya, irin fanken da ake shan shayi da shi. Kafin gari ya waye na hura wuta, na yayyafa wa wurin ruwa don ƙura, na sa turaren wuta. Masu dako da direbobi su ne 'yan farko: wannan shayi ja da na'ana'a, wannan da madara, wancan jabana, wato gahawa, mai citta da yawa don ya kwana a hanya. Na san wanda ke shan cokali uku na sukari, na san wanda zai ce "rubuta" kuma ba zai biya ba sai ƙarshen wata, in ma ya biya.

Mai shayi a ƙasar nan kowa na shan shayinta, ba kowa ke son a ce 'yar'uwarsa ce ba. Mace a bakin titi cikin maza, ga shi an san ba miji a gida. Yayana ya aiko daga gida cewa na zubar da mutuncin zuri'a. Na ce wa ɗan aiken ya gaya wa Yaya na ji, ya sa mini ranar da zan riƙa aikowa a karɓi kuɗin cefane, ni kuma a ranar zan tattara butocina. Har yau ban ji ranar ba.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne kasha, samamen da hukuma ke kai wa masu sana'a a bakin titi. Kana zaune sai ka ga mota ta ci birki, a watsa kujeru a bayanta, a kwashe butoci, a tuntsurar da ruwan zafi a kan garwashi. In kana son kayanka sai ka bi su ka biya tara, kuma da wuya su dawo cikakku. A lokacin akwai dokar nan ta nizamul-am, ta sa ido kan ɗabi'ar jama'a a waje, wadda ba a soke ta ba sai a Nuwamban 2019, kuma mu mata masu neman abinci a titi muka fi kowa ɗanɗana ta. Shi ya sa ranar da muka ji a rediyo a 2016 cewa Amurka ta ba Awadiyya Mahmud Koko lambar yabo, mai shayi kamarmu, wadda ta haɗa kan masu shayi da masu abinci a ƙungiya, sai da muka yi guɗa a gindin bishiya.

Wanda ya riƙe ni a shekarun nan adashi ne. Mu goma ne, masu shayi da masu kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, da mai gyaɗa, Hausawa da Nuba da 'yan Darfur. Uwar adashinmu wata tsohuwa ce mai kisra, yatsunta duk sun ƙone da tanda. Ban da zubin kullum, akwai gwangwanin madara da kowa ke jefa ɗan abu, na ranar kasha da ranar ciwo. Wata safiya da aka kwashe mini kaya kaf, ina zaune a kan dutse na rasa ta cewa, kafin azahar wata ta turo mini buta, wata kofuna shida, wata kujera biyu, mai gawayi ya ce in ɗiba in biya jibi. Da la'asar ina sayar da shayi. Babu wadda ta tambaye ni ina uban yara, kuma babu wadda ta sake tuna mini.

Kada in ci amanar gaskiya, ta hannun hukuma ma na samu. A Sudan gwamnati ce ke karɓar zakka, akwai Diwanin Zakka, da kwamitoci a unguwanni masu rubuta sunayen mabuƙata. Wata malamar makaranta da ke cikin kwamitin wajenmu ta tsaya tsayin daka har aka sa ni cikin waɗanda ake biya wa inshorar lafiya. Da katin nan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin magani kake biya. 'Yata ta uku tana da amosanin jini, in sanyi ya shigo ba ma barci. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mai kantin magani yana ƙirga kuɗi yana rage ƙwayoyi ba, ba zai san abin da katin nan ya ɗauke mini ba. Allah ya saka wa malamar nan da alheri duk inda yaƙi ya jefa ta.

Amma ba kowane mai littafi ne malamar ba. Akwai wani a unguwa, irin masu shiga tsakanin nan, duk rabon da aka kawo sai ka gan shi da littafi a hammata, ba ka san wanda ya naɗa shi ba. Da na je a rubuta ni a wani rabon kayan abinci, ya dube ni sama da ƙasa ya ce yanzu akwai jama'a, in zo gida bayan isha, ni kaɗai, don maganata tana son natsuwa. Na je bayan isha kamar yadda ya ce, ni da uwar adashinmu da sandarta. Ya rubuta sunana a tsaye a bakin ƙofa, hannunsa na rawa. Ranar rabo aka karanta sunaye har ƙarshe, babu nawa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa na wani azumi ne. Wasu masu hali suka kawo buhunan Ramadan: sukari, man girki, dabino, fulawa, adas. Aka tara mu a wani fili da rana tsaka, bakinmu da azumi, aka kafa ƙyalle mai ɗauke da sunansu. Kowace mace in an kira ta sai ta tsaya gaban ƙyallen, ta riƙe buhu ta gefe ɗaya, wani mai farar jallabiya ya riƙe ta ɗaya gefen, a ɗauki hoto. Da aka zo kaina na ja laffayata na rufe rabin fuska. Mai hoton ya ce, "Hajiya, buɗe fuska mana, ɗan yi murmushi." Na dubi buhun, na tuna babu ko cokali ɗaya na sukari a ɗakina wanda ba na sana'a ba. Na buɗe.

Bayan 'yan kwanaki wata 'yar ajinsu ta nuna wa 'yata hoton a wayar yayanta, a gaban sauran yara. Wannan da ke rubutu yanzu ita ce, ta ce mini in tsallake wurin nan, na ce ba za a tsallake ba. Ta dawo ta kwanta ta juya wa bango fuska, ta ƙi makaranta har sai da na yi da gaske. Sukarin bai kai salla ba ya ƙare. Hoton kuwa, ta ce har bara ta gan shi yana nan. Ba na cewa mutanen nan mugaye ne, abincinsu ya shiga cikin yarana kuma na yi musu addu'a. Amma sun karɓi wani abu a hannuna a madadinsa, kuma ba su tambayi farashinsa ba.

Daga Disamban 2018 da burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, abubuwa suka yi ta bin juna: zanga-zanga, faɗuwar Bashir a Afrilun 2019, sannan kullen korona a 2020 da ya zaunar da mu a gida babu ko sisi. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar kuɗi, dala ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a banki. A watan nan ne aka fara shirin Samarat na raba wa iyalai kuɗi, da kuɗin Bankin Duniya da ƙasashe masu ba da tallafi, kuma Khartum na cikin jihohi huɗun farko. Dala biyar ga kowane kai a wata, aka ce ana so ya kai ga kashi 80 cikin ɗari na mutanen ƙasa.

Sai da lambar ɗan ƙasa ake shiga, yarana kuma ba su da ita, don ana son shaida daga dangin uba. Na biya wa wan mijina kuɗin mota daga Sinnar zuwa da komawa. Kowane Bahaushen Sudan ya san irin tambayoyin da ke biyo baya in ka faɗi ƙabilarka a wurin yin takarda: ina aka haifi babanka, ina aka haifi kakanka, wa ya san shi. Wan mijin nawa ya zo da tsofaffin takardun mahaifinsu a cikin leda, sun yi ja don tsufa, ya amsa komai bai ɗaga murya ba. Muka samu.

Ranar rajistar Samarat ɗin ce ba na mantawa. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta tambaye ni mutum nawa ne a gidan, ta karɓi lambobinmu da lambar waya, ta ce shi ke nan. Na tsaya ina jiran ta tambaye ni ina miji, na riga na shirya labarin a bakina kamar yadda na saba. Ta ce, "Khala, an gama, mai bi." A layin nan har da malamar makarantarmu, har da matar mai gidan da muke haya, da wani tela da mai raksha. Ba mai ɓoye fuska, don ba layin mabarata ba ne, na kowa ne. Mu biyar, dala 25 ke nan a wata. Ba wani abin a zo a gani ba ne a shekarar da aka ce tsadar kaya ta haura kashi 400 cikin ɗari. Amma saƙo ne ke shigowa waya, in je in karɓa, ba wanda zan durƙusa wa. Na sayi buhun gawayi a dunƙule maimakon ƙulli-ƙulli, wanda shi kaɗai ya ƙara mini riba. Na saya wa yara maza takalma, na biya bashin mai madara.

Wani ma'aikaci da ke shan jabana a wurina ya ce irin wannan kuɗi lalata mutane yake, yana koya musu zaman banza. Na miƙa masa kofinsa na ce, "Ustaz, ka zo gobe ƙarfe uku na dare ka ga zaman banzan." 'Yan watanni na karɓa. Da sojoji suka karɓe mulki ranar 25 ga Oktoban 2021, masu ba da kuɗin suka dakatar, shirin ya tsaya. Giwaye suka yi faɗa, mu ciyawa muka ji a jika.

Daga nan sai gangara. Ƙanena da ke noma a Rusairis, wanda kan aiko mini da dawa bayan kaka, rikicin Yulin 2022 tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a can ya raba shi da gonarsa, ya dawo Sinnar da iyalinsa hannu rabbana. A shekarar ce kuma, bayan rasuwar surukata, na shigar da maganar aurena kotu, wan mijina ya yarda zai yi shaida. Ana ta ɗage zama har yaƙin sojoji da dakarun RSF ya riske mu.

Ranar Asabar ce, 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi. Da yake a azumi da dare muke fita sana'a, ina kwance da safe muka ji ƙasa na girgiza daga wajen filin wasanni. Mun daure makonni a ƙarƙashin gado ɗaya da ya rage, har ruwa da gawayi suka gagara. Na zuba katin inshora da lambobin yara da takardar kotu a leda, na ɗaure a ƙuguna ƙarƙashin zane, muka nufi Madani. A Disamba Madani ma ta faɗi. Muka sake ɗaukar ƙafa, Sinnar, sannan Gadarif. Aka sauke mu a wata makaranta, iyali huɗu a aji ɗaya, zannuwa ne bangonmu.

A ajin nan akwai wata mata daga Khartum, ka ga hannunta ka san ba ta taɓa hura gawayi ba. Mijinta babban ma'aikaci ne, ya fita neman mai ranar da za su gudu, bai dawo ba. In an ce abinci ya sauka kowa ya fita da kwano, ita sai ta ce ba ta jin yunwa, alhali ina jin ƙaramin ɗanta yana kuka ƙasa-ƙasa da dare. Na san abin da ya riƙe ƙafarta. Ban yi mata wa'azi ba. Na ɗauki kwanonta na haɗa da nawa, na dawo na ajiye mata a bayan zane. Mun yi kusan wata a haka kafin ta fara fita da kanta. Irina yanzu sun cika ƙasa, matan da ba su san ko takaba za su yi ko jira ba.

Abincin daga takiyya yake zuwa, girkin taron da matasan unguwa masu aikin gaggawa suka kafa. 'Yan Sudan da ke Saudiyya da Ƙatar da Turai ke turo kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, a sayi adas da shinkafa da wake, a ɗora manyan tukwane. Da suka ga na iya wuta suka ce in shigo. Na ce zan shiga, amma ina da magana. Kwanuka su yi layi, ba mutane ba: kowa ya ajiye nasa da safe, a rubuta yawan bakin gidan a gindinsa, ya tafi harkarsa, in an zuba ya aiko yaro. Littafin kuma kada a tambayi kowa ina mijinki, ko me ya sa. Baki nawa, shi ke nan. Suka yarda, don su ma rana na dukansu wajen tsare layi.

Inda muka ja da su shi ne hoto. Wani yaro mai hankali, ɗalibin jami'a ne kafin yaƙi, shi ke riƙe da lissafi. Na gan shi ya ɗaga waya yana saitin mata, na tare gabansa da muciya a hannu. Ya ce, "Inna, wallahi ba don wani abu ba ne. Masu turo kuɗi ba su san mu ba, gumi suka yi suka samu, kuma an sha cinye musu. In ba su gani ba, ba za su sake turowa ba." Maganarsa gaskiya ce, na yi shiru na ɗan lokaci, don ban taɓa tsayawa ta wancan gefen buhun ba sai ranar. Na ce, "To ɗana, ɗauki tukwane, ɗauki buhuna da rasiɗi, ɗauki layin kwanuka. In lallai sai da mutum, ga hannuna a kan muciya." Haka ya riƙa yi, kuɗi kuma bai fasa zuwa ba. Abin da ya rage mana wuta daban ne: a farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta, takiyoyi da yawa a ƙasar suka rufe, masu turo mana kuma nauyi ya yi musu yawa. Tamu ta koma wasu ranaku a mako.

Yanzu mun bar makarantar, mun kama bukka a wata unguwa da Hausawa suka yi yawa. Na sake haɗa kayan shayi, ina zama kusa da kasuwar amfanin gona, inda ake cinikin riɗi da dawa. Babban ɗana yana bin aikin yankan riɗi in kaka ta yi. Magani ne ke ba ni wahala, don sau da yawa wanda yarinyar ke sha babu shi sai a kantin kuɗi. A cikin mu goma na adashi, huɗu muka gano juna ta waya, mun ci gaba da zubi ta asusun ɗan ɗayarmu. Uwar adashinmu ba mu ji ɗuriyarta ba. Maganar kotu tana nan inda ta tsaya, takardar tana cikin ledata.

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a Maris ɗin 2025 motoci ke ta komawa da mutane, yara kuma suna ta tambayata yaushe za mu tafi. Wata maƙwabciyarmu da ta koma Mayo ta kira ni kwanan baya. Ta ce ɗakinmu babu ƙofa, babu taga, an ɗaye kwanon rufin, ko murhuna ba a bari ba. Ta ce kuma mai gidan ya dawo, yana cigiyata, wai akwai kuɗin haya na watannin da ba ma nan tunda ban mayar masa da makulli ba. Na ce ta gaishe shi da kyau, ta gaya masa makullinsa na nan a wurina, in ya samo ƙofar da za a sa shi sai mu zauna mu yi lissafi.